Darasi na 9: Fulogi Ukun da Suka Ɓuya a Bayan Inji

Mutum biyu su tashi su karanta wannan hira da ƙarfi, ɗaya direba, ɗaya bakanike.

"Salamu alaikum, Baba. Sannu da aiki."

"Wa alaikumus salam. Yau Alhamis, ba ka tafi Maigatari ba?"

"Ina fa! Motar ce ta ƙi. In na tsaya a silo sai ta kama rawa kamar mai zazzaɓi. A hawa ba ta da ƙarfi, ga shan mai. Kuma shekaranjiya aka sa mini sabon fulogi."

"Guda nawa aka sa maka?"

"Uku."

"Injin naka silinda nawa ne?"

"Shida, Baba."

"To sauran ukun fa, wa ka bar wa?"

Wannan direba Toyota Sienna yake ja, irin waɗanda ke ɗaukar fasinja daga Gumel, Haɗejiya da Dutse zuwa Kano. Injinta silinda shida ne, jeri biyu, an kwantar da shi a gicciye. In ka ɗaga bonet, jerin gaba na kallon ka. Jerin baya kuwa ya jingina da bangon da ya raba inji da direba, kuma akwai wata tukunyar iska da ta hau kansa ta zauna. Kanikawa na kiran ta manifol. A wannan inji, silinda ta 2 da ta 4 da ta 6 su ne a gaba. Ta 1 da ta 3 da ta 5 su ne a baya. Mai gaggawa sai ya canza na gaba, ya rufe bonet, ya karɓi kuɗinsa. Na baya su yi shekaru ba wanda ya leƙa su.

Aikin fulogi

Fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda, na zuƙo iska da fetur ciki, ya matse su. Sai fulogi ya ƙyasta wuta, su kama, ƙarfin ya tura fistin ƙasa. Batir bolt 12 kawai yake bayarwa. Kwayil ne ke ɗaga wannan wuta ta haura bolt 20,000, don ta iya tsallake 'yar ratar da ke bakin fulogi. A irin wannan inji ratar kusan milimita 1.1 ce. Kullum wuta na cin bakin kaɗan-kaɗan, rata na faɗi, har a kai ranar da wutar za ta kasa tsallakewa. Fetur ɗin wannan silinda sai ya fice ɗanye ta salansa. Ka biya kuɗinsa a gidan mai, bai ja ka ko taku ɗaya ba. Kwayil ma yana wahala, kuma ya fi fulogi tsada.

Kayan aiki

Ka tanadi soket na fulogi lamba 16, mai roba ko mayen ƙarfe a ciki don ya riƙe fulogin. Ka nemi sandar ƙari doguwa da gajera, da mahaɗi mai lanƙwasa kamar gwiwa, da sifana lamba 10, 12 da 14, da filaya, da tocila, da tsumma mai tsabta. Sai famfon iska, ko da na keke ne. Sai sabon gaskit na manifol, wato shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashinsa don kada iska ta yi yoyo.

Abu na ƙarshe ba a sayar da shi a shagon kayan aiki: guntun tiyon roba, irin na fetur, tsawon taƙi ɗaya, wanda kan fulogi zai shige bakinsa ya kama. Za ka ga amfaninsa a gaba.

Wajen sayen fulogi, kada ka ce wa mai shago "ba ni na Sienna" kawai. Kowane fulogi na da lamba a rubuce a jikin farin tangaran ɗinsa. Kwafe lambar a takarda, ka gwada ta da wadda ke littafin motar ko wadda amintaccen bakanike ya ba ka, sannan ka tafi da takardar, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko shagon garinku. Nan karatu ke yi maka rana. NGK da Denso kamfanonin Japan ne, kuma saboda sunansu ya yi ƙarfi ana buga jabu da tambarinsu. In ka ji araha ta yi yawa, ka duba rubutun kwalin da kyau.

Buɗe hanya

Inji ya huce tukuna. A ganina aikin sassafe ne, bayan motar ta kwana. Tof silinda, wato kan injin da ake ɗaura fulogi a ciki, na alminiyam ne, irin wanda ake narkawa a yi tukwane. Ƙarfe ne mai taushi, in da zafi kuma ya fi saurin lalacewa. Cire kan batir mai alamar ragi (−).

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto da wayarka, ta gaba, ta gefe, ta sama. Akwai ƙananan tiyo da wayoyi da yawa a jikin manifol, kuma bayan awa biyu duk kama suke yi da juna. Wanda ba shi da waya mai hoto ya ɗaura zare mai launi: ja a tiyo, ja a mazauninsa.

A wasu tsofaffin samfura, mai siririn hannu da haƙuri kan kai ga na baya ba tare da ya sauke manifol ba. A na 2004 zuwa sama, yawanci sai an sauke, kuma cire waifa da farantin da ke ƙarƙashinta na ƙara fili. Kwance notinan da kake gani, ka zuba su a kwano ɗaya. In ka ɗaga manifol ya ƙi tasowa, kada ka sa ƙarfe ka ɓanɓare. Akwai ƙarafan tokare a bayansa, notinansu ba sa ganuwa, sai dai ka zura hannu ka laluba.

Da ya tashi, za ka ga ramukan iska a buɗe suna kallon sama. Toshe su da tsumma nan take, ka ƙirga tsumma nawa ka sa, ka rubuta. Noti ɗaya in ya faɗa ciki, aikin yini ya koma sauke inji.

Fitar da tsoho

Kwance notin kwayil da lamba 10, danna harshen soket ɗin wayarsa, ka zare shi. Robar ta daɗe tana shan zafi, a hankali za ka bi ta kada ta karye. Haska tocila cikin ramin. Motar da ke bin hanyar burji da hunturu, ba a rasa ƙasa a gindin fulogi. Hura ta fita da famfo kafin ka kwance. In ka fara kwancewa, duk yashin nan cikin silinda zai zuba. In kuma baƙin mai ka gani kwance a ramin, robar murfin inji ce ke yoyo. Tsane shi da tsumma, kuma tunda ga wuri a buɗe, a canza robar yau.

Zura soket ya zauna daram, ka riƙe sandar a miƙe, ka juya hagu. In ya yi gardama, kada ka sa bututu ka ƙara tsawon hannu. Ɗiga masa man sassauta tsatsa, ka ba shi lokaci, ka riƙa yin gaba kaɗan, baya kaɗan. In kana juyawa yana ƙara tauri, dakata, ka kira wanda ya fi ka.

Jera tsofaffin bisa kwali, ka rubuta lambar silinda a gefen kowanne. Baki mai ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka, lafiya lau. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya fi iska yawa, ka fara duba matatar iska. Baƙi mai maiƙo, inji na shan baƙin mai. Fari fat mai ƙuraje, zafi ya yi yawa.

Sa sabo: yatsa kafin sifana

Nan ne ake asara, don ido ba ya ganin ramin. Ina yaron gareji, na taɓa sa fulogin baya da soket tun daga farko. Na ji ya ɗan cije, na ce ai sabo ne, na ƙara ƙarfi. Sai na ji ya saki, yana juyawa ba ya kamawa. Ashe a karkace ya shiga, ya cinye haƙoran ramin, waɗanda muke kira tiredi. Maigidana ya zaro shi, ya ga ɓarɓashin alminiyam na ƙyalli a jikinsa kamar garin azurfa. Bai zage ni ba. Ya yanko guntun tiyo ya miƙo mini, ya ce, "Daga yau da wannan za ka fara." Motar ta kwana uku a gareji, mai ita yana zarya.

Ga yadda ake yi. Cusa kan fulogin a bakin tiyo. Zura shi cikin rami a hankali har ya taɓa ƙasa. Kada ka sake shi ya faɗa, don faɗuwa na matse rata ko ta fasa tangaran. Murza tiyon da yatsa biyu zuwa dama. In ya hau daidai, zai tafi sumul, zagaye bayan zagaye. In ya karkace, tiyon zai sulɓe a kansa, ba shi da ƙarfin da zai ci ƙarfe. Sai ka dawo da shi baya, ka sake. Sau biyar ma ba laifi.

Sai ya zauna da hannu sannan ka kawo soket. Sabon fulogi mai zobe a gindi, kusan rabin zagaye ya ishe shi bayan ya zauna. Duba kwalin, sau da yawa an zana adadin a jiki. In tsoho ne ka mayar, zobensa ya riga ya matsu, ɗan taɓi kawai yake so. Kada ka shafa giris a haƙoran, yana sa a ɗaure fiye da kima ba a sani ba.

Fulogi na gama-gari kan yi kilomita 20,000 zuwa 30,000. Mai bakin iridiyam, siriri kamar allura, kan wuce 100,000. Ya fi tsada, amma a ramin da sai an sauke manifol, ni shi nake sa wa, kuma duka shidan a rana ɗaya. Shi ba a goge bakinsa da sanfefa, ba a ƙwanƙwasa shi don gyara rata.

Rufewa

Mayar da kwayil, ka tura soket ɗin waya har ka ji ƙas. Ciro tsummokin, ka ƙirga, su yi daidai da abin da ka rubuta. Sa sabon gaskit, ka ɗora manifol, ka ɗaure notinan kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefe. Bi hotonka ka mayar da kowane tiyo. Kwanon noti ya zama wayam. Haɗa batir, ka tayar. In ka ji tana huci kamar maciji, ko silo ya ƙi zama, akwai tiyon da aka manta ko gaskit bai zauna ba.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: fulogi, kwayil, silinda, gaskit, tiyo.

Direba na yin kilomita 300 kullum. Kwana nawa zai yi kafin ya cika kilomita 30,000?

Ka toshe ramuka da tsumma 6, ka ciro 5. Me za ka yi kafin ka ɗora manifol?

Mako mai zuwa kowa ya zo da tsohon fulogi ɗaya, ko na babur ne ko na injin ban ruwa. Za mu karanta lambar jikinsa, mu duba launin bakinsa.