Yadda nake ɗaukar hoton 'yan mazan jiya ranar 15 ga Janairu

Abincina a hoton biki yake, da na suna, da na walimar saukar karatu. Amma duk shekara in 15 ga Janairu ta zagayo ba na karɓar aikin kowa. Filin fareti nake tafiya, wurin taron tunawa da 'yan mazan jiya, kuma ba gwamna nake bi ba. Hoton gwamna yana ajiye furanni akwai waɗanda aka biya su ɗauka. Ni tsofaffin nan nake bi, masu lambobin yabo a ƙirji, waɗanda ake jera wa kujerun roba a gefen rumfa. Yaran da ke koyon aiki a hannuna sun dame ni da tambayar yadda fuskokin nan ke fitowa haka, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka fara sanin wa za ka ɗauka. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake wannan taro, kamar sauran ƙasashe rainon Ingila, don a ranar aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Daga baya aka mai da shi 15 ga Janairu, ranar da Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas a 1970. Mu nan Arewa ranar tana da wani nauyin daban, don ita ce ta juyin mulkin 1966 da aka kashe su Sardauna, saboda haka kada ka yi mamaki in ka ga dattijo ya yi jugum tun ba a fara komai ba. Sai ka yi ɗan lissafi a ranka. Wanda ya je Boma, cikin runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka kara da Japanawa, ko yana da shekara 18 aka gama yaƙin a 1945, yau yana bakin ɗari. In Allah ya haɗa ka da ɗaya, bar komai ka je wurinsa. Galibin masu furfurar da za ka gani 'yan yaƙin basasa ne na 1967 zuwa 1970, sun doshi tamanin ko sun wuce. Ƙasa da su akwai 'yan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya daga 1990 da Saliyo bayanta, sannan waɗanda suka baro Arewa maso Gabas, wasu da sanda, wasu a keken guragu, ba su ma kai hamsin ba. Sanin wannan ne zai hana ka tambayar mai shekara sittin ko ya yi yaƙin Hitila.

Kaya ba su da yawa. Kyamara ɗaya, gilashin kyamara (lens) ɗaya mai 85mm ko 50mm, batir biyu, memori wanda ka share tun dare. In kana da dogon gilashi mai 70-200mm ya fi, don shi zai yi maka aikin fareti da na fuska gaba ɗaya. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne ƙura. Tsakiyar hunturu ne, kuma shekarata ta farko na tsaya a tsakiyar fili ina sauya gilashi iska na kaɗawa. Da na koma shago, kowane hoto da ɗigo uku a sararin sama, wuri ɗaya, sai da na kwana ina gogewa a kwamfuta. Ɗaura wanda za ka yi aiki da shi tun a ɗaki, kada ka cire sai ka dawo.

Ka riga taron isa da kamar awa biyu. Wurin sojoji ne, ba gidan biki ba, don haka da zuwanka nemi jami'in hulɗa da jama'a na rundunar, ka gabatar da kanka, ka nuna katin shaidarka, ya faɗa maka inda za ka tsaya da inda ba za ka taka ba. Sojan da ke bakin aiki, musamman mai riƙe da bindiga a ƙofa, kada ka saita masa kyamara sai an ba ka izini. Jirgin nan marar matuƙi na ɗaukar hoto kuwa, bar shi a gida. Bayan nan sai ka nemi shugabannin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion. Suna sayar da ɗan bajon tunawa da ake maƙalawa a riga. Saya ka maƙala. Kuɗin ba yawa, amma tsofaffin suna kallon ƙirjinka kafin su kalli fuskarka.

Gaisuwa ita ce rabin aikin, kuma a nan yara ke faɗuwa. Kyamara tana rataye a kafaɗa, ba a ido ba, ka durƙusa ka ce, "Baba, ina kwana, ya sanyi?" In ka gane muƙaminsa a hannun riga ko ka ji abokansa na kiransa, kira shi da shi: Kofur, Saje, Samanja. Mutumin da ya bar aiki shekara arba'in ka ce masa "Allah ya ƙara wa Samanja lafiya", za ka ga kafaɗarsa ta miƙe. Tambaye shi bataliyarsa, tambaye shi lambar nan ta ina ce. Kada ka tambaye shi mutum nawa ya kashe. Na taɓa jin wani saurayi ya yi, dattijon ya juya masa ƙeya, shi ke nan. Da yawa za su fara da kukan fansho. Saurara. Ba kai za ka biya ba, amma minti biyar ɗin da ka ba shi yana magana su ne za su sassauta masa fuska. Sannan ka ce, "Baba, in ka yarda zan ɗauke ka hoto, zan kuma kawo maka naka." In ya ce a'a, yi godiya ka wuce.

Ga abin da zai faru da zarar ka ɗaga kyamara: zai ƙame. Haɓa sama, ƙirji waje, hannaye a manne da cinya, ido ya wuce ta kanka. Wani har ya sara maka. Ɗauki wannan, don shi ne hoton da yake so, shi zai rataye a zaure. Amma kada ka sauke kyamara. Ka ce, "Madalla Baba, ya yi," ka ɗan janye fuskarka gefe yatsanka na kan maɓalli. Cikin daƙiƙa biyu zuwa uku zai saki numfashi, kafaɗa ta sauka, ido ya dawo kanka. Wannan nake zuwa nema duk shekara. Akwai wani tsohon Saje da na ɗauka haka, kakinsa ya koɗe har ya koma ruwan ƙasa amma ya sha guga, karin wando kamar wuƙa, maɓalli ɗaya na aljihu ba irin sauran ba ne, an ɗinka shi da baƙin zare. Yana sakin numfashi sai ya kai hannu ya gyara lambar da ta karkace, yana kallona ta saman tabarau. Hoto goma sha ɗaya na ɗauke shi, wannan kaɗai na wanke babba.

In yana zaune, kai ma sauka. Gwiwa a ƙasa, gilashi daidai idonsa ko ƙasa kaɗan. Hoton dattijo daga sama yana mai da shi abin tausayi, shi kuwa ba bara ya zo ba.

Hasken hunturu alheri ne in ka san shi. Hazo yana tace rana, inuwa ba ta yin kaifi, fatar tsoho tana fitowa da duk layukanta ba tare da ƙyalli ba. Matsalarsa sararin sama fari fat yake, ga fararen manyan riguna ko'ina, sai ma'aunin hasken kyamara ya ruɗe ya rage haske, fuskar baƙin mutum ta nutse. Ƙara hasken kyamara da +0.7, wani lokaci har +1, ka duba fuska, ba sama ba. Kuma juya dattijon yadda bayansa zai zama itatuwa ko inuwar rumfa ko jerin sojoji daga nesa, ba fili ba. Ka lura da allunan talla da hotunan 'yan siyasa, suna son leƙowa ta bayan kai. Matsala ta biyu hula ce, musamman hana-sallah, bakinta yana jefa inuwa daidai kan ido. Kada ka ce ya cire, kayan aikinsa ne. Ina tafiya da farin kwali a jaka, yaro ya riƙe daidai cikin dattijon ya maido haske sama. In babu, tsayar da shi kusa da farin bango, ko ma kusa da mai farar riga. Filasha ba na kunnawa. Tana ƙona lambobi su zama fararen tsabobi, tana kuma damun idon tsoho. Mai tabarau, ce ya ɗan sunkuyar da kai kaɗan, ƙyallin zai gudu.

Saiti a taƙaice. Buɗin gilashi f/2.8 zuwa f/4 in fuska kaɗai ce, fokas a kan idon da ya fi kusa da kai. Yara suna son f/1.8 don baya ya narke, amma sai ka ga ido ya fito, lambobi sun dushe, alhali lambobin rabin labarin ne. In kana son fuska da ƙirji duka, koma f/5.6. Saurin shata, wato ƙiftawar kyamara, kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, don jikin tsoho yana rawa, kai ma sanyi na kaɗa ka. ISO, wato ƙarfin karɓar haske, 200 zuwa 400 ya isa a fili, a ƙarƙashin rumfa kai shi 800 ba fargaba. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, saboda hazo yana sa launi ya yi fatsi-fatsi, gyaransa ya fi sauƙi daga baya. Mai waya kuma, sa 2x ko 3x ka ja da baya, kada ka kusanto da ita hancin mutum ya kumbura. Tsarin nan da ke dusar da baya yana cin gefen hula da igiyar lamba, kashe shi.

In an fara fareti, badujala ta ɗauka, mai da shata 1/500 ko 1/1000, ka sa fokas mai bin motsi. Tsaya ta gaba a kusurwa, yadda za su nufo ka, ba su gifta ka ba. Kada ka yi ta harbi kan kowa. Zaɓi fuska ɗaya a sahu ka bi ta. Matasan sojoji ƙafarsu ɗaya, kyau gare su amma duk kama ɗaya. Sahun tsofaffi ne abin kallo: wani ya rasa taki yana ƙoƙarin kamowa, wani sanda a hannun hagu, dama tana lilo yadda aka koya masa a Zariya tun yana saurayi. Ko me za ka gani, kada ka tsallaka cikin filin.

Sai lokacin da aka busa begila aka yi shiru na minti ɗaya. A nan ma na taɓa jin kunya. Fili ya yi tsit, tsohuwar kyamarata ta yi ƙaras-ƙaras sau uku, wani hafsa ya waiwayo ya yi mini kallo ɗaya, ban sake ba. In taka tana da shata marar ƙara, kunna tun kafin lokacin, ka zaɓi mutuminka, ka tsaya cak, ɗauka ɗaya ko biyu daga inda kake. In ba ta da shi, sauke ta ka yi shiru da mutane. In aka zo harbin girmamawa, kowa zai juya wajen hayaƙi. Kai dubi tsofaffin, wasu ko ƙiftawa ba sa yi, wasu kuma runtse ido suke. Haka in an saki tantabaru, bar wa 'yan jarida tsuntsayen, ka ɗauki fuskokin da suka ɗaga sama, don a lokacin ne kaɗai haske ke shiga ƙarƙashin hula da kansa.

Matan da suka rasa mazajensu suna zuwa, ana ba wakiliyarsu ta ajiye furanni. Nan a yi hattara sosai. Kada ka saci hoton mace tana kuka da dogon gilashi. Bari a tashi, ka je ta hannun shugabarsu, ka ce, "Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙansa." Wata za ta yarda, wata za ta ce a ɗauki hannunta kawai riƙe da hoton mijin, wata ba ta so sam. Yara kuwa sai da yardar uwa.

Rabin awa bayan manya sun shige motocinsu ya fi mini duk taron. Jiki ya saki, tsofaffin abokai suna tafawa, ana tsokanar juna da sunayen bariki, wani ya cire takalmi yana murza ƙafa. A nan nake ɗaukar hannaye, da mutum biyu-biyu. A nan kuma nake buɗe ɗan littafina in rubuta sunan kowa, muƙaminsa, inda ya yi yaƙi, da lambar hoton a kyamara, in tambaye shi ko ya yarda a sa a intanet. Wanda ya ce na gida kawai yake so, na gida ne.

Wajen gyara, kada ka yi musu irin na amare. Ba a goge tamoji, ba a haska fata, tabo ya zauna inda yake. Ɗan ƙara kaifin baƙi da fari don hazo ya rage, shi ke nan. In za ka mai da shi baƙi da fari, ajiye mai launi ma, don launin ƙyallen lamba shi ke faɗin yaƙin da mutum ya je, kuma shi zai fara dubawa.

Ka wanke hotunan a girman inci 5 x 7, kowa guda biyu, wanda ya ƙame da wanda ya saki jiki, ka sa a ambulan da sunansa, ka kai ofishin ƙungiyarsu kafin watan ya ƙare. Kada ka ce sai taron baɗi. Na taɓa riƙe ambulan ɗin wani Kofur shekara guda a jaka, da na je ina cigiya, abokin zamansa ya karɓa, ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zai kai wa iyalinsa.