Yadda Ake Zaɓen Fedar Koras ta Jitar Bes Ba Tare da Ta Cinye Kaurin Sauti Ba

Duk wanda ya taɓa jin masu goge biyu suna jan waƙa ɗaya a tare ya san abin da koras take ƙoƙarin kwaikwaya. Komai ƙwarewarsu, hannun ɗaya yana ɗan riga na ɗayan, tsirkiyar wannan tana ɗan fin ta wancan ɗaurewa, kuma wannan ɗan saɓanin shi ke sa sautin ya cika wuri ya yi ta sheƙi. Fedar koras, wato ɗan akwatin na'urar da mai jita ke takawa da ƙafa don sauya sauti, tana ɗaukar sautin jitarka ta kwafe shi, ta jinkirta kwafin da ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta riƙa ƙara jinkirin tana rage shi a hankali, sannan ta haɗa shi da sautin asali. Sai kunne ya ji kamar mutum biyu ke kaɗawa.

A jita mai tsirkiya shida wannan ba ya kawo damuwa. A jitar bes kuwa, wato mai kaurin sauti, akwai tarko a ciki, kuma yawancin waɗanda suka sayi koras suka jefa ta cikin jaka bayan mako biyu, wannan tarkon ne ya kama su.

Mataki na farko: ka fahimci abin da ke cinye kaurin

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya gane wannan ya gama rabin cinikin.

Tsirkiyar E, wadda ta fi kauri a bes mai tsirkiya huɗu, tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa guda. Ke nan zagaye ɗaya na karkarwarta yana cin kusan milisakan 24, wato kashi 24 cikin dubu na daƙiƙa. Jinkirin da fedojin koras ke yi kuwa yakan faɗa tsakanin 'yan milisakan kaɗan zuwa wajen 30. To idan jinkirin ya zo daidai milisakan 12, rabin zagaye ke nan: lokacin da sautin asali ke tura lasifika gaba, kwafin yana janyo ta baya. Sai su kashe juna. Tsirkiyar A mai karkarwa sau 55 tana haɗuwa da irin wannan a wajen milisakan 9. Tunda kuma jinkirin ba a tsaye yake ba, yana kai da komo, sai ka ji kaurin bes ɗinka yana zuwa yana ɓacewa kamar tashar rediyo mai nisa da daddare.

Kai da ke tsaye kusa da amfilifaya za ka iya jin daɗin abin. Mai ganga ne zai fara juyowa yana dubanka, don ƙafarsa tana neman inda za ta jingina ta rasa. Aikin bes a cikin ƙungiya shi ne ya zama ƙasar da kowa ke takawa, kuma ba a son ƙasa mai motsi.

Maganin da masu ƙera fedoji suka samo shi ne su raba sautin gida biyu. Mai kauri ya wuce abinsa ba a taɓa shi ba, siririn da ke sama kaɗai ake yi wa koras. Wannan rabuwar ita ce babban abin da ya bambanta fedar bes da ta jita, ba launi ko sunan da aka rubuta a jikinta ba.

Mataki na biyu: ka tambayi kanka a ina za ka taka ta

Kafin ka duba farashi, ka zauna ka lissafa wuraren da kake jin kana bukatar koras. Idan kana kaɗa wa mawaƙan coci ne ko ƙungiyar biki inda akwai kibod biyu da jita, wurin ya riga ya cika, abin da kake bukata ɗan sheƙi ne a waƙoƙi masu sanyi ko inda aka bar ka kai kaɗai na ɗan lokaci. Idan kuwa ku uku ne kacal, ganga da jita da kai, kana da fili mai yawa da za ka cike, koras mai zurfi za ta yi maka amfani.

Akwai kuma masu kaɗa bes kamar ita ce ke rera waƙar. Peter Hook na ƙungiyoyin Joy Division da New Order a Ingila shi ne misalin da kowa ke kawowa: yana kaɗawa can ƙasan wuyan jitar, kusa da jikinta, inda sauti ya fi siriri, ta cikin fedar Clone Theory ta kamfanin Electro-Harmonix. Mai irin wannan salon bai cika damuwa da rabuwar sauti ba, tunda ba a wurin kauri yake zaune ba. Idan kai ma haka kake, fedar jita ta yau da kullum za ta iya isar ka. Amma mu da muke kwana a kan E da A, ba mu da wannan sauƙin.

Mataki na uku: ka nemi abin raba sautin a jikin fedar

Kowane kamfani da sunan da yake ba shi. A Boss CEB-3, wadda ta fito a 1995 ta gaji CE-2B ta 1987, abin murɗawa ne da aka rubuta wa Low Filter, kana juya shi kana zaɓar iyakar inda koras za ta sauka. A MXR Bass Chorus Deluxe maɓalli ne mai suna X-Over, yana janye koras daga sautin da ke wajen 100 Hz, wato karkarwa sau 100 a daƙiƙa, zuwa ƙasa. Ka tuna tsirkiyar G, mafi siriri, tana kan 98 Hz idan ba a danna ta ba, ka ga ke nan tushen sautin tsirkiyoyin huɗu ya tsira. Bass Clone ta Electro-Harmonix ita ma tana da makunnin X-Over, ga abin daidaita kauri da siriri daban.

Ni na fi son wanda ake murɗawa a kan wanda ake dannawa, domin bes mai tsirkiya biyar, da B ɗinta ke sauka har wajen 31 Hz, ba daidai take da mai huɗu ba, ɗakin ɗaukar sauti kuma ba daidai yake da filin biki ba. Amma maɓallin dannawa ma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Abu na biyu da za ka nema shi ne abin da ke auna yawan koras a kan sautin asali, ana rubuta masa Level ko Mix ko Intensity. Fedar da ba ta da shi ta riga ta yanke maka hukunci. Small Clone ta Electro-Harmonix, alal misali, abin murɗawa ɗaya gare ta na sauri da makunni ɗaya na zurfi; tana da daɗi ƙwarai a jita, amma a bes ba ta bar maka hanyar ja da baya ba. Rate da Depth kuwa, wato saurin kai da komon da zurfinsa, kusan kowace feda tana da su, ba su ne abin ciniki ba.

Mataki na huɗu: analog ko dijital

Ana yawan musu a kan wannan fiye da yadda ya kamata. Fedar analog tana jinkirta sauti ne da wani ɗan guntun na'ura da ke aiki kamar mutanen unguwa sun yi layi suna miƙa wa juna bokitin ruwa lokacin gobara: sautin yana bi daga hannu zuwa hannu har ya fita. A kamfanin Philips aka ƙirƙiro dabarar a 1969, kuma sanannen guntun nan MN3007 da ke cikin Boss CE-2 ta 1979 yana da matakai 1,024. Kamar yadda ruwa ke ɗan zubewa a hanya, haka siririn sautin ke ɗan dushewa, shi ya sa ake cewa analog tana da ɗumi. Asalin wannan gidan shi ne Boss CE-1 ta 1976, wadda aka ciro daga cikin amfilifayar Roland JC-120 ta 1975.

Dijital ta fi tsabta, sheƙinta ya fi fitowa, ba ta cika huci ba. Idan kana mari da fizgar tsirkiya, ko kana sa sababbin tsirkiyoyi masu ƙara, za ka fi jin daɗin dijital. Idan bes ɗinka marar karan ƙarfe ce a wuya, kana jan sauti mai tsawo, analog irin ta MXR ko UniChorus ta kamfanin EBS na Suwidin takan fi kwanciya da ita.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, ko bai tabbatar yana son koras ba, ya fara da ƙaramar na'ura mai haɗa sautuka da yawa irin Zoom B1 Four. Tana da koras a ciki, tana aiki da batir huɗu na AA. Bayan wata uku zai san ko abin nasa ne.

Mataki na biyar: ka gwada da jitarka, ba ta mai shago ba

Ka ɗauki bes ɗinka da wayar da kake jona ta da ita ka tafi da su. Dalili shi ne bes mai batir a cikinta tana fitar da sauti mai ƙarfi fiye da marar batir, wasu ma batir biyu suke ɗauka, volt 18, kuma akwai fedojin da ke shaƙewa su fara karcewa idan aka tura musu irin wannan ƙarfin. Ba za ka gane haka da jitar wani ba.

Ka fara da fedar a kashe. Ka kaɗa E ba tare da danna komai ba, ka bar ta ta yi ta ƙara har ta mutu. Sannan ka taka fedar ka sake. Kada ka saurari sheƙin, ka saurari ƙasa. In da hali ka ɗora tafin hannunka a jikin akwatin lasifikar, hannu ya fi kunne gaskiya a wannan wurin. Idan girgizar tana raguwa tana dawowa, ka kunna abin raba sautin ka sake ji. Idan har yanzu tana yi, ka ajiye fedar.

Bayan haka ka mari tsirkiya da iya ƙarfinka ka ji ko za ta karce. Ka danne tsirkiyoyin da hannu ka ƙara murya ka ji yawan hucin da take yi in ba a kaɗa komai. Ka taka ta sau goma a jere ka ji ko makunnin yana yin ƙara a lasifika, ko muryar tana tsalle sama ko ƙasa tsakanin kunnawa da kashewa. Idan ta hannu ce, ka juya kowane abin murɗawa daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana ƙarce-ƙarce, ka girgiza bakin wayar a raminta, ka buɗe gidan batir ka duba ko tsohon batir ya taɓa zubewa a ciki.

In mai sayarwar zai yarda ka je da ita atisaye sau ɗaya, wannan ya fi duk gwajin shago. Koras ɗin da ke burge ka kai kaɗai a ɗaki sau da yawa tana yin yawa in ganga da kibod sun shigo, wadda kuma ka raina a ɗaki ita ce ke zama daidai.

Mataki na shida: wuta

Yawancin fedojin nan volt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu shi ne mai alamar ragewa. Adaftocin rediyo da na sauran kayan gida galibi akasin haka suke, bakin zai shiga daram amma yana iya ƙona fedar. Ka duba zanen da ke jikin adaftar kafin ka soka. Idan fedar ta zo daga Amurka da adaftarta, ka karanta abin da aka rubuta: wutar can volt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar ta haura 200. Na taɓa ganin wani abokin kiɗa ya soka irin wannan adaftar ana shirin fara biki, ko minti ɗaya ba a yi ba warin ƙuna ya tashi, haka ya kaɗa daren nan babu feda, kuma na ji masa zafin abin sosai don ya daɗe yana tara kuɗin.

Dijital ta fi analog shan wuta, batirin volt 9 ba ya daɗewa a cikinta. Inda ake aiki da janareta kuma, adafta mai arha takan shigo da gurnani cikin sauti, musamman in an jera fedoji da yawa a kan waya ɗaya. Ka ware kuɗin adafta mai kyau tun a lissafin farko. In da batir kake aiki, ka zare wayar shiga idan ka gama, domin a yawancin fedoji ita ce ke kunna batirin.

Mataki na bakwai: inda za ta zauna da yadda za ka fara saita ta

A jerin fedojinka, ka sa ta bayan abin saita tsirkiya, da mai daidaita ƙarfin sauti, da mai sa karcewa in kana da shi, amma kafin mai amsa-kuwwa. Ramukan fita biyu da wasu fedoji ke da su don lasifika biyu suna da daɗi a ɗakin ɗaukar sauti, sai dai a yawancin wuraren taro waya ɗaya ake ba mai bes zuwa miksa, don haka kada ka biya ƙarin kuɗi saboda su in ba ɗauka kake yi ba.

Ranar farko ka sa saurin can ƙasa, zurfin wajen sulusi, abin raba sautin a kunne. Ka ɗaga yawan koras ɗin a hankali har ka fara jin ta sarai, sannan ka ɗan mayar da shi baya. Ka kaɗa waƙa ɗaya da mai ganga, ka taka fedar a tsakiyar baiti ba tare da ka faɗa masa ba, in an gama ka tambaye shi ko ya ji wani abu ya ragu a ƙasa. In ya ce ya ragu, ka ƙara matsar da iyakar rabuwar sama ku sake ɗaukar baitin daga farko.