Kurakuran da aka fi yi a wurin lilon waya da gadar igiya, da yadda za a gyara su

Mai tsoro ba ya wahalar da ma'aikatan lilon waya. Yakan zo jiki na rawa, ya saurari bayani kamar mai ɗaukar karatu, ya duba ƙugiyarsa sau uku kafin ya ɗaga ƙafa. Wanda suke sa wa ido shi ne saurayin da ya iso yana bugun ƙirji, wai shi tun yana ɗan shekara goma yake hawa giginya, wannan ai wasan yara ne. Wayar ƙarfen da ake ratayawa ba kasafai take tsinkewa ba. Yawancin abin da ke ɓata wa mutane rana a irin waɗannan wurare daga hannunsu yake fitowa, kuma kusan duka ana iya gyara shi tun ana ƙasa.

Kuskuren farko shi ne zuwa ba tare da sanin abin da za a hau ba, don abubuwa uku ne mutane ke haɗawa a suna ɗaya. Akwai gadar sama, wadda ake takawa da ƙafa, raga ta kare dama da hagu, ba a ɗaura wa mutum komai. Irinta ce a gandun dajin Lekki da ke Legas, mai tsawon mita 401, wadda ƙololuwarta ta kai mita 22 da rabi daga ƙasa, da kuma ta Kakum a arewa da Cape Coast a Ghana, gadoji bakwai da aka buɗe a 1995. Akwai filin igiyoyi, inda ake ƙetarawa daga bishiya zuwa bishiya a kan katakai masu lilo da tsani da raga, mutum na ɗaure da ɗamarar tsaro mai riƙe ƙugu da cinyoyi, kamar wanda aka yi a lambun Legon a Accra. Sai lilon waya, inda ake rataye mutum a jikin wani ƙarfe mai tayoyi ya sulale daga tudu zuwa gangare. Wanda ya ɗauko tsohuwarsa da niyyar ta sha iska a gada, ya tarar filin igiyoyi ne, ya yi asarar kuɗin mota. A buga waya a tambaya tun daga gida: wane iri ne, awa nawa yake ci, kuma idan mutum ya fara ya gaji akwai mafita a tsakiya ko sai ya kai ƙarshe?

Sai batun sutura, kuma a nan mu muka fi kowa shiga matsala, domin kayanmu masu yalwa ne. Babbar riga, jallabiya, abaya, zani, gyale, hijabin da ya sauko har gwiwa, duka suna da kyau a ƙasa, amma a sama kowane lafe da ke kaɗawa abinci ne ga tayoyin nan. Taya na gudu, ta cafki bakin gyale, sai ta naɗe shi, kuma gyalen a wuya yake. Ɗamarar ma tana zagaye kowace cinya daban, don haka ba ta zama a kan zani ko siket. Ba wai sai mace ta bar suturarta ba. Ta sa wando mai kauri, da riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, da ƙaramin hijabi wanda za a cusa bakinsa cikin wuyan riga, a ɗora hular kwano a kai. Allurar da ake maƙale mayafi da ita a cire ta. Mai dogon kitso ko ƙarin gashi ta tufke shi ƙasa-ƙasa wajen ƙeya, don in ya yi tudu a tsakiyar ka hular kwano ba za ta zauna ba. Namiji ya bar kaftani da hula a mota. Silifas da takalmin fata mai santsi ba su da wuri a nan, sai kambas mai igiya wanda ya rufe yatsu da dunduniya. Zobe da awarwaro da agogo da carbi su ma a ajiye. Zobe musamman: in ya maƙale a waya nauyin jiki ya ja, yatsan ne ke biya.

Akwai abin da mata da yawa ke jin nauyin faɗa, sai su yi shiru su cutu. Ɗaura ɗamara aiki ne na kusa da jiki, kuma sau da yawa namiji ne a wurin. Wasu saboda kunya sai su ce ta yi alhali tana sako-sako, don dai a rabu da su. Tsoro na daji, kunya ta gida. A nemi ma'aikaciya mace, in babu, mace ta ɗaura da kanta ko mijinta ko 'yar'uwarta su ja mata, ma'aikacin yana nuni da baki yana dubawa da ido.

Ita kanta ɗamarar, kuskuren da aka fi yi shi ne barinta a ƙasan ƙugu kamar bel ɗin wando. Wurinta saman ƙashin ƙugu ne, yadda ko mutum ya kife kai ƙasa ba za ta zame ba. Gwajin mai sauƙi ne: tafin hannu a miƙe ya shiga tsakaninta da ciki, amma dunƙulallen hannu kada ya shiga. Mai tumbi, wanda cikinsa ya fi ƙugunsa faɗi, ya nemi a ƙara masa ta ƙirji, haka ƙananan yara. Kuma a zaga bayi kafin a ɗaura. Wanda ya kwance ta don fitsari ko alwala, ya koma a sake duba masa, kada ya ce ai ya ga yadda aka yi.

Yanzu ga babban. A filin igiyoyi kowa na da igiyoyi biyu gajeru a jikin ɗamara, kowace da ƙugiyar ƙarfe a bakinta. Dalilin yin su biyu shi ne idan an zo canja waya a dandamali, wato katakon tsayawa da ke jikin bishiya, a cire ɗaya a maƙala a sabuwar waya, a tabbatar ta rufe, sannan a cire ta biyun. Ko da ƙiftawar ido kada a wayi gari duka biyun suna hannu. Kowa yana jin wannan a wurin bayani ya gyaɗa kai, kuma a gada ta farko da ta biyu kowa yana kiyayewa. Sai an kai ta goma, jiki ya saba, hira ta yi daɗi, na baya yana cewa a yi sauri, sai mutum ya cire biyun tare don kada ya yi aiki sau biyu. Ni ma na taɓa yi. Ina tsaye a wani dandamali ina ba da labari, sai 'yar yayata da ke bayana ta ce a hankali, "Kawu, ba ka maƙale da komai fa." Na duba hannuna, ga ƙugiyoyi biyu ina riƙe da su kamar makullan mota, ga ƙasa can nesa. Labarin da ban ƙarasa ba ke nan. Abin lura shi ne ba a tsakiyar gada mai lilo abin ya faru ba, inda hankali ke tashe. A kan katako mai faɗi ne, inda mutum ke jin kamar ya iso gida.

Maganinsa a mai da shi al'ada ta baki: duk canji, mutum ya faɗa da ƙarfi, "ɗaya ta shiga", ya ja ta ya ji, sannan ya taɓa ta biyu, na kusa da shi kuma ya duba masa. A juya bakunan ƙugiyoyin su saɓa wa juna, ɗaya na kallon dama ɗaya hagu, don abu guda kada ya buɗe su tare. Wurare da yawa yanzu sun koma wani tsari da ya ɗauke wa mutum wannan nauyi: ko dai ƙugiya ɗaya da ake zura wa waya tun daga ƙasa ba ta fita sai an sauko, ko ƙugiyoyi biyu masu haɗin ciki, ɗaya ba ta buɗuwa sai ɗayar ta kulle. Mai zuwa da yara ya tambayi wane tsari ake amfani da shi. Ni dai in tsohon tsari ne, ba na barin yaro ya wuce gabana da fiye da dandamali ɗaya.

A kan lilon waya kuwa, hannu ne abin tsoro. Da mutum ya ji gudu ya yi yawa, abin da zuciya ke raya masa shi ne ya cafki wayar. In ya cafke ta a gaban tayoyi, za su bi ta kan yatsunsa. In ya cafke ta a baya da hannu tsirara, za ta ƙone masa tafi. Inda birki na hannu ne, ana ba da safar fata mai kauri, kuma ana danna wayar ne a hankali a bayan tayoyi, can bayan kai, ba damƙa ake yi ba, don damƙa na iya fizge kafaɗa. Inda birkin a jikin wayar yake, hannu ya zauna a kan igiyar ɗamara ko mariƙin da aka nuna, shi ke nan. Kada kuma a taso sai an ga alamar cewa na gaba ya sauka ya bar layi. Karo tsakanin mutum biyu a waya ɗaya yana cikin munanan haɗurran wannan wasa, kuma gaggawa ce kawai ke jawo shi.

Kishiyar wannan ita ce taka birki da wuri. Wayar tana da ɗan lanƙwasa, ƙarshenta yana hawa sama kaɗan don rage gudu, to wanda ya kashe gudunsa tun a tsakiya ba zai kai ba, zai komo baya ya tsaya yana reto. Marasa nauyi sun fi faɗawa cikin wannan, balle in iska na busowa daga gaba. Ba abin kunya ba ne. A watan Agustan 2012, lokacin wasannin Olamfik, Boris Johnson yana magajin garin Landan ya maƙale a kan waya a wani lambu, tuta a kowane hannu, duniya na kallo. Mai ƙaramin jiki ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji don ya ƙara gudu, mai son ragewa ya buɗe ƙafafu iska ta tare shi. In an maƙale, kada a taɓa ƙugiya ko kaɗan. A jira ma'aikaci ya jefo igiya ko ya zo da kansa, ana ɗan motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke don jini ya riƙa gudana.

Ƙarya a wurin awo ma tana da yawa. Kamfanin Go Ape na Ingila, wanda ya fara a dajin Thetford a 2002, ya sa iyakar nauyi kilo 130, kuma a babban filinsa sai yaro ya kai shekara 10 da tsayin mita 1.4. Kowane wuri da nasa adadin. Iyakar nauyi ba don waya za ta tsinke ba ce kawai, mai nauyi ya fi gudu, birkin kuma an auna shi ne da wani gudu. Iyakar tsayi kuwa don hannun yaro ya kai wayar da zai maƙala ƙugiya ne. Uban da ya ƙara wa ɗansa shekara biyu a takarda ya tura shi inda hannunsa ba zai kai ba. Haka mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, da wanda aka yi wa aiki a baya ko gwiwa kwanan nan: takardar da ake sa hannu a kai tana tambayar waɗannan, a karanta ta a faɗi gaskiya.

Yaron da ya ce ba zai hau ba, a bar shi. "Kai ba namiji ba ne?" ba ta taɓa sauko da kowa daga bishiya ba, sai dai ta hau da shi ya sandare a tsakiya, layi ya tsaya. Masu girgiza gada don su tsorata 'yan'uwa su ma su daina.

Wayar hannu: komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Abin da ya suɓuce daga mita 20 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa, kuma akwai mutane a ƙasan. A sa ta a aljihu mai zif ko a rataya ta da igiya, ko a bar wa wanda bai hau ba ya yi ɗaukar, hotonsa ma ya fi kyau. A Lekki kuma kada a riƙe abinci a hannu, biran wurin ba sa neman izini.

Lokaci ma ana kuskurensa. A kudu zafi da gumi suna cin ƙarfin mutum fiye da yadda ɗan arewa ya saba, filin igiyoyi kuma yakan ci awa biyu zuwa uku ana aiki da dantse. A je da sassafe, an karya da abu mara nauyi, da ruwa a gora. Mai azumi ya ɗage zuwa bayan salla. Ranakun hutu da na bukukuwa layi ne kawai za a sha. Yayyafi ba ya hana hawa, sai dai katako na santsi, jiƙaƙƙiyar waya kuma ta fi gudu, safar birki ba ta kama ta sosai. Tsawa ce ba a wasa da ita, ga ƙarfe ga doguwar bishiya. In an ga walƙiya a ƙirga: duk daƙiƙa uku kafin a ji ƙara, kimanin kilomita ɗaya ke nan. In ƙarar ta zo kafin a kai talatin, a sauko, kuma a jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe.

Saura duban wurin kansa, wanda mutane ke tsallakewa don sun riga sun biya kuɗin shiga. Kafin a biya, a tsaya minti goma a kalli yadda ake yi da waɗanda suka riga. Ana yi musu bayani da gwaji a ƙaramar waya kusa da ƙasa, ko ɗaura musu kawai ake yi a tura? Akwai ma'aikaci a wurin tashi da wani a wurin sauka, suna magana da juna? A karɓi ɗamarar a juya ta: ɗinkin da ya fara warwarewa, igiyar da ta yi gashi ko rana ta cinye launinta, ƙugiyar da bakinta ba ya komawa da kansa, wayar da silinta ya tsinke ya miƙe, hular kwano mai tsaga. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a nemi canji. A kuma tambayi ma'aikacin yadda suke sauko da wanda ya suma a tsakiyar waya. In ya nuna igiyar ceto ya faɗi wanda ke yin aikin, a hau. In ya yi dariya ya ce ai ba a taɓa yi ba, a karɓi kuɗi a nemi inuwa.