Yadda zaka gano inda bindigar iska ta PCP take yoyo, da yadda ake gyarata

Duk mai riƙe da bindigar iska irin ta PCP, wato wadda ake ɗurawa iska a tulu kafin a yi harbi, wata rana sai ya gamu da wannan matsalar, ka cikata da yamma geji yana kan bar 200 (bar shine ma'aunin matsin iska), gari ya waye ka duba kaga allura ta sauko 150 ko ma ta kwanta ƙasa gaba ɗaya. Ko Hatsan ce ko Kral 'yan Turkiyya, ko Artemis ta Sin, ko ma FX mai tsadar nan ta Suwidin, duk ɗaya ne, domin abinda yake riƙe iskar a cikinsu 'yan zobban roba ne ƙanana da ake cewa orin, kuma roba tana bushewa tana tsagewa, balle a zafin nan namu da ƙurar hunturu. Abinda yake ɓata min rai shine mutum ya ga yoyo kawai ya ɗauko alanki ya fara warware bindiga tun daga baki har gindi bai ma san inda iskar take fita ba. Nemo wurin shine rabin gyaran.

Kafin komai ka tabbata yoyon ne da gaske. Iska idan ana matseta cikin tulu zafi take ɗauka, in ta huce dole geji ya ɗan sauka, wannan ba matsala bace. Haka kuma in ka cika da rana tsaka ana zafin digiri 40, dare yayi sanyi ya koma 20, bar 200 zai dawo wajen 187 ba tare da ko ɗigon iska ya fita ba. Toh ka cika, ka barta ta huce kamar awa ɗaya, ka ɗauki hoton geji da waya, gobe a daidai wannan lokacin ka sake dubawa. In ya ci gaba da sauka kullum, to akwai yoyo.

Yanzu maganar da bana so kowa ya tsallake. Tayar mota bar 2 da ɗan wani abu ake sa mata, wannan tulun kuwa bar 200 zuwa 250 ne a ciki, wasu har 300. Dan Allah kada ka kwance ko noti ɗaya na ɓangaren iska alhali da sauran iska a ciki, geji ko bawul da ya ƙwace da wannan ƙarfin zai iya kashe mutum. Kuma kada ka ɗora yatsa a kan ramin da iska take feshi da ƙarfi wai kana gwadawa, tana iya huda fata ta shige jiki. Ka cire magazin, ka tabbata babu harsashi a bututu, bakin bindiga kuma yana kallon inda babu kowa.

Neman wurin yoyo da iska a ciki ake yinsa, kwancewa ce sai an juye. Dabarar irin ta mai faci ce da yake neman huji a tub, sai dai kai ba zaka tsoma bindiga a ruwa ba. Ka dama sabulun ruwa na wanke-wanke da ruwa kaɗan, ka samu ƙaramin burushi ko auduga, kana ɗigawa a wuri ɗaya bayan ɗaya kana jira. Babban yoyo nan take zai tada kumfa, ƙarami kuwa sai ka zuba ido minti biyu uku kafin kaga wani ɗan ƙwayar kumfa yana kumbura a hankali daga gefen zare, wato haƙoran da ake murɗa sukuru ko noti a kansu, ya fashe, wani ya sake tasowa a daidai wurin. In ka gama ka goge tas ka busar, ruwan sabulu yana jawo tsatsa.

Fara da ramin da ake ɗura iska, don can ne ƙura tafi shiga. A ciki akwai wani ɗan bawul mai barin iska ta shiga amma ya hanata fitowa, da orin ƙarami a kansa, ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a wurin shikenan. Sau da yawa ba sai an kwance ba, ka ɗiga man silikon ɗigo ɗaya a kan abin ɗurawar, ka ƙara iska kaɗan, sannan ka buɗe bawul ɗin sakin iska na tiyo da sauri lokaci ɗaya, ba a hankali ba, saurin ne yake sa bawul ɗin ciki ya rufe da ƙarfi ya zauna daidai. In kuma sai lokacin ɗurawa kawai kake jin "tsss", ka cire tiyo ya daina, to bindigar lafiyarta lau, orin biyun nan na jikin abin ɗurawar ne suka cinye, canza su aikin minti biyar ne. Ka riƙa toshe ramin da murfinsa bayan ka gama, musamman da hunturu.

Sai geji. Shi iri biyu ne yoyonsa, ko ta gindin zare inda wasa, wato ɗan faifan da ake sawa a ƙarƙashin noti, ko orin yake, ko ta cikin gejin kansa. In kumfa ta gefen zare take fitowa, sil ɗin ƙasa za a canza. Mutane suna ganin haka su ɗauko sifana su ƙara ɗaurewa da ƙarfi, sai su murƙushe sil ɗin yoyo ya ƙaru, kuma wai da iska a ciki, wallahi kasada ce babba. In kuwa ta fuskar gejin ko ɗan ramin bayansa iskar take fita, gejin ya mutu, sabo zaka saya mai zare iri ɗaya, ba a gyaransa.

Wanda yafi wahalar da mutane shine yoyo ta bututu. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka rufe bolt, wato ƙarfen da yake tura harsashi cikin bututu, ka samu balan-balan ka sa a bakin bututu ka ɗaure da roba, ka ajiye. In ka dawo ka tarar ya kumbura, to babban bawul ɗin harbi ne baya rufewa sosai. Kansa na wata roba ce mai tauri, galibi Delrin ko PEEK, yana zama a kan ƙarfe, kuma ƙarfin iskar tulu ne yake danne shi. Wani lokaci datti ne kawai, ka cire balan-balan ɗin ka yi harbin wofi ba harsashi kamar sau goma a wurin da babu haɗari, iskar da take wucewa tana share shi. In bai daina ba sai an buɗe an duba, in kaga zane ko wani ɗan gutsuren ƙarfe ya lume a fuskar robar, canzawa za a yi. Anan ga wani abu da yake ruɗa sababbin shiga, in tulu ya zama fanko ka zo ɗurawa da famfon hannu sai kaji iska tana zuba ta bututu, ka ɗauka bawul ya lalace, alhali hamar ciki ce, wadda take bugun bawul lokacin harbi, sifirin ɗinta yake tura bawul ɗin ya ɗan buɗe. Ka ɗana bindigar tukuna, ba harsashi, ka sa sefti, ka buga famfo da sauri sauri har iska ta taru ta rufe shi da kanta.

Masu regileta kuma, wato abin da yake daidaita matsin iskar kowane harbi, a yawancinsu zaka ga wani ɗan rami kamar na allura a jikin tulu ko kusa da shi. Da gangan aka yi shi don regileta ta shaƙi iskar waje. In kumfa ta fito ta nan, orin ɗin regileta ne ya tafi. Kada ka liƙe ramin da gam ko tef, regiletar ce zata daina aiki. In ka buɗeta ka lura da yadda 'yan wasoshin nan masu lanƙwasa suke jere, ka ɗauki hoto kafin ka taɓa, in ka juya ɗaya saitin ya canza.

Akwai kuma wanda geji baya nunawa, sai in kayi harbi kaji iska ta huro maka fuska ƙarfin harbin kuma ya ragu. Orin na bolt ko na gindin bututu ne. Ka ɗora 'yar tishu a saman wurin ka harba, in ta tashi ka gano shi.

Toh ka san wurin, sai juye iska. Wasu bindigogin suna da sukurun sakin iska, Benjamin Marauder ta Amurka tana da ɗan ƙarfen da ake murɗawa ta baya, wasu kuma sai kayi ta harbin wofi har ta ƙare. Ko allura ta nuna sifiri kada ka yarda da ita ita kaɗai, geji yana maƙalewa, ka ƙara harbawa har sai kaji ƙarar ƙarfe kawai babu iska. In kana kwance wani abu kaji yayi tauri fiye da kima, tsaya, wataƙila iska ce ta danne zaren.

Tsohon orin da tsinken sakace ko wani abu na roba ake cire shi, banda allura banda wuƙa, domin zane ɗaya a cikin ramin ƙarfen yoyo ne da sabon orin ma ba zai tare ba. Ka auna faɗin cikinsa da kaurinsa da baniya, ma'aunin nan na makanikai, ka sayi daidai shi, "ai kusan ɗaya ne" baya aiki a bar 200. Na robar NBR masu lamba 70, lambar taurin robar kenan, sune aka fi sawa, inda matsin yafi yawa ana sa mai lamba 90 ko na foliyuritan, in kuma akwai kit na kamfanin bindigar shi yafi. Ka shafa giris na silikon zalla, kaɗan, ya ɗan yi sheƙi kawai. Bakin mai, giris na mota, basilin, WD-40, duk kada su kusanci inda iska mai matsi take, mai na fetur yana iya kamawa da wuta a irin wannan matsin. Haka iskar oksijin ta masu walda, ko kyauta aka baka kada ka ɗura, tulun fashewa zai yi. Wajen turawa ciki ka bi a hankali inda orin zai wuce ta kan ramukan sukuru, bakinsu yana da kaifi yana yanke shi.

Bayan ka haɗa kada ka cika lokaci ɗaya. Kai bar 50 ka tsaya ka saurara ka shafa kumfa, kai 100 ka sake, sannan ka kai iyakar da aka rubuta a jikin tulun, ka barta ta kwana. In da ka buɗe ka ga tsatsa ta ci cikin tulun, wanda yawanci danshin famfon hannu ne yake jawowa lokacin damina, ko kaga ya lotsa ko zarensa ya cinye, wannan ya wuce gyaran gida kuma ba a kai shi wurin mai walda, sabon tulu zaka nema, ka kuma sa matatar danshi a tiyon famfonka kafin ka ɗura masa iska.