Ga baƙin da suka sauka a Gombe

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga ɗan abin da na gani, musamman ga waɗanda suka shigo daga Nijar ko Cadi ko Kamaru suna son a san da su a unguwa.

Kafin komai, je ka gaida mai unguwa. Ka faɗa masa inda ka sauka da sana'arka, ka ce idan gayya ta taso a kira ka. Kada ka je kai kaɗai, maƙwabcinka ya raka ka.

Gayyar da ta fi saurin haɗa ka da mutane ita ce yashe magudanan ruwa kafin damina. Garin nan yashi ne, zaizayar ƙasa tana cin gidaje, don haka duk wanda aka gani da shebur a cikin kwalbati ba a mantawa da shi. Ni a Bolari haka na samu abokai, har da wanda ya nemo mini shago. Sai sharar maƙabarta, da ɗauko ruwan alwala ranar Juma'a.

Amma aikin sintirin dare, Malam, dakata tukuna. Ba ka san lungu ba, ba a san fuskarka ba. Kuɗin ƙungiya ma kada ka yarda a ba ka riƙo a shekarar farko.