Yadda ake tafiyar da ƙungiyar taimakon jama'a a Maradi

Kafa ƙungiya ba ya da wuya a Maradi, domin daga Bagalam zuwa Zariya da Ali Ɗan Sofo da wuya a sami unguwar da ba ta da fadar samari ko adashen mata, kuma a irin waɗannan wurare ne shawarar taimaka wa marayu ko gyaran magudanar ruwa take fara fitowa. Wuyar aikin ita ce ƙungiyar ta kai shekara tana numfashi. A iya abin da na gani, abu biyu ne suke karya ta: zaman da ba shi da tsayayyen lokaci, da kuɗin da membobi ba su san inda ya kwana ba.

A fara da tsayar da rana. Litinin da Juma'a ranakun cin babbar kasuwa ne, saboda haka duk ƙungiyar da ke da 'yan kasuwa a cikinta ta guje su. Asabar ko Lahadi bayan la'asar ta fi dacewa, da sharaɗin a tashi kafin kiran magariba ko da magana ba ta ƙare ba, domin mutumin da ya san zai koma gida a kan lokaci shi ne yake dawowa mako mai zuwa. A buɗe da addu'a, sakatare ya karanta abin da aka tsayar a zaman baya, a tambayi duk wanda aka ba aiki inda ya kai, sannan a shiga sabuwar magana. Da damina, lokacin da rabin jama'a ke gona, a rage tsawon zaman amma kada a ɗage shi. Da azumi kuwa a mayar da shi bayan asham. Idan ƙungiya ta fara tsayuwa da ƙafafunta, sai ta rubuta dokokinta ta nemi amincewar hukuma kamar yadda dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta tanada, domin ba tare da wannan takarda ba buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ba zai yiwu ba.

Batun kuɗi kuwa ba sai an je nesa neman darasi ba. A jihar Maradi ne aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Matan suna zama kowane mako, ana zuba kuɗi a gaban kowa, ana ƙirgawa da babbar murya, akwatin kuma ba ya buɗuwa sai masu riƙe da makullai sun haɗu. Ƙungiyar taimako ta ɗauki wannan tsari yadda yake: wanda ke ajiye akwati daban, masu makullai daban, mai rubutu daban. Kada a bar ma'aji ya haɗa kuɗin ƙungiya da jarinsa ko da shi ne mafi gaskiya a unguwa, domin ranar da kasuwa ta juya masa baya, kunya ce za ta hana shi zuwa zama, ku rasa kuɗin ku rasa mutumin.

Akwai wani ƙaramin tarko da ya cancanci a tsaya a kansa. Mu da dala muke lissafi a baki, amma da sefa ake rubutawa a takarda. Na taɓa zama a taron da wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta ta ajiye kuɗi a kan tabarma ta ce ɗari, wato dala ɗari, sefa 500, sai yaron da ke rubutu ya sa 100 a littafi. Da aka zo haɗa lissafi kuɗin akwati ya fi na littafi, aka kusa yin sa'a guda ana kallon juna kafin a gano. Maganin shi ne mai karɓa ya faɗi adadin sau biyu, da dala sannan da sefa, mai rubutu ya maimaita kafin ya ɗora alƙalami. Wanda ya aiko nasa ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi na Nita, a karanta saƙon shaidar a gaban taro a rubuta shi tare da sauran.

Baƙo mai jawabi ba kowane mako ake kiransa ba. Sau ɗaya a wata ya isa. A zaɓe shi bisa aikin da ke gaban ƙungiya. Idan Yuli ya kama, ma'aikacin lafiya ya zo ya yi bayanin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a watannin damina. Gab da komawa makaranta a Oktoba, malami ya fi amfani. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da masana aikin gona da za a iya gayyata kafin shuka. A je wa baƙo da ƙafa, mutum biyu, tun saura mako biyu, a gaya masa su wane ne za su saurare shi, a roƙe shi ya yi magana da Hausa, domin mai ilimin boko yakan zarce da Faransanci ba tare da ya lura ba. Minti 20 na jawabi da 20 na tambayoyi sun wadatar, kuma ladabi ne a biya masa kuɗin mai ko da ya nuna ba ya so.

Wajen neman gudummawa, kalmar "taimakon marayu" kaɗai ba ta buɗe aljihu. A je da magana a yanke: yara kaza a makaranta kaza, littattafai da alluna na kuɗi kaza, za a raba ranar kaza. Alhazan Maradi sun saba da bayarwa, amma sun fi sakin hannu ga wanda ya zo da dattijon da suka sani, don haka a nemi rakiyar mai unguwa ko liman. Abin da aka yi alkawari a rubuta shi a shafi daban, kada a haɗa shi da abin da ya shigo hannu, kada kuma a yi sayayya da shi. Idan mai bayarwa ya ce zakka ce, a keɓe ta a tambayi malamai waɗanda suka cancanta, domin ba a sayen kujerun taro da ita.

Ba dole ba ne gudummawa ta zama kuɗi. Da kaka, manomin da zai yi nauyin ba da jikka ɗaya, wato sefa 1,000, zai iya ba da tiya biyu ta gero ko wake ba tare da ya ji ba, kuma hatsin da aka tara a Nuwamba aka adana da kyau ya fi daraja a Yuni da Yuli, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa farashi ya hau. Haka nan jini: a watannin zazzaɓi yara da yawa suna buƙatarsa, kuma ƙungiya za ta iya shirya rana guda membobi masu lafiya su je su bayar.

Ranar rabo a kiyaye mutuncin masu karɓa, kada a ɗauki hoton fuskar maraya ana watsawa a WhatsApp. A zama na gaba ma'aji ya shimfiɗa rasit ɗin sayayya a kan tabarma, ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, sannan a aika mutum biyu su kai wa kowane mai gudummawa kwafin lissafin har shagonsa ko ƙofar gidansa.