Tsara Wayoyin Lantarki a Kusa da Tankin Kifi na Gida

A gidajen Yamai wutar lantarki mai ƙarfin bolt 220 ce, don haka dole a nisanta ta daga ruwan tankin kifi. A kafa soket a bango, sama da ƙasa sosai, kada a bar shi a kan daɓe. Kowace waya, ta famfo ko ta fitila, a bar ta ta lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, domin ɗigon ruwan da ya biyo ta ya zuba a ƙasa. Wannan ƙaramar dabara ita na fi ba muhimmanci. A sa ƙwararren mai gyaran wuta ya haɗa na'urar katse wuta mai miliamfa 30, wato wadda ke yanke wuta nan take idan wutar da ke zurarewa daga waya ta kai wannan ɗan ƙaramin ma'auni, kuma a cire komai daga soket kafin a tsoma hannu cikin ruwa.